Sunan da Goggo Hajo Ta Ƙi Faɗa

Ba zan rubuta sunana a nan ba. Mutanen Bagudo sun san shi, waɗanda ba su sani ba kuma babu abin da zai ƙara musu. Ku nake wa magana, ƙannena maza da mata, musamman ku da kuka gama karatu kuna zaune gida da takardun shaida a ƙasan akwati, kuna jin akwai wata baiwa a jikinku da har yanzu ba wanda ya lura da ita. Ni ma haka na ji, kuma baiwar tawa ita ta kai ni gidan yari.

Ni ɗiyar malamin firamare ce. Tun ina ƙarama na fi son kallo a kan magana. Idan aka aike ni sayen manja, sai in tsaya a bakin fadama ina kallon balbelu suna bin shanu har mahaifiyata ta gaji ta fito nemana. Ina da littafin rubutu mai shuɗin bango da nake zuba waƙoƙi a ciki, waƙar gulbi idan ya cika, waƙar shinkafa idan ta sunkuyar da kai. Na yi kwalejin horon malamai, na karanta Hausa, na fito da sakamako mai kyau. Na dawo gida jiran aiki, na shekara biyu ina jira. Duk tsawon wannan lokaci ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

Ana nan sai aka buɗe wani ofishin tallafi a garinmu. Tsofaffi da matan da mazansu suka rasu da masu naƙasa, waɗanda aka rubuta sunayensu, suna karɓar ɗan kuɗi duk bayan wata biyu. Akwai kuma abin da ake kira tallafin gaggawa. Idan mutum ya karɓi kuɗinsa suka salwanta, ko sata ko gobara ko ruwa, zai kawo takardar koke a rubuce, a yi masa 'yan tambayoyi, a ba shi abin da zai riƙe kansa kafin biya na gaba. Sau ɗaya ake ba mutum a shekara. Wanda aka kama da ƙarya kuwa, a soke sunansa daga tallafin gaba ɗaya. Ku riƙe waɗannan ƙa'idoji biyu, a kansu labarina ya rataya.

Yawancin masu zuwa ofishin ba su iya rubutun boko ba. Sai na ɗauki ƙaramin teburin mahaifina na kafa shi a inuwar dogon-yaron da ke gaban ofishin, na zama mai cika takardu. Wata ta ba ni ɗan abin shan ruwa, wata goro, wata addu'a. Na ji daɗin aikin ƙwarai. Kullum sabbin fuskoki, kullum sabon labari.

A nan na haɗu da Goggo Hajo, wata tsohuwar Bafulatana daga wata ruga kusa da Kaoje. Mijinta ya daɗe da rasuwa, nono take sayarwa. Takardar rajista tana neman sunan miji da sunan ɗan fari.

"Goggo, sunan maigidanki, Allah ya jiƙansa?"

Ta ja bakin mayafi ta rufe bakinta, ta kalli ƙasa.

"Goggo, ba ni ke tambaya ba, takarda ce."

"To takarda ta tambayi wani," in ji ta.

Maƙwabciyarta da ta rako ta ta yi dariya, ta sunkuyo ta raɗa mini a kunne: mijin Buba, ɗan farin Umaru. Goggo ta kau da kai gefe kamar ba ta wurin har na gama rubutawa. Na san al'adar, kowa a ƙasarmu ya san ta. Matan da suka kama ta da gaske ba sa kiran sunan miji ko na ɗan fari har su koma ga Allah. Amma ni a lokacin ado na ɗauke ta, irin abin da ake sa wa a waƙa. Da yammar ranar na rubuta baiti shida a kan macen da ta ƙulle sunaye biyu a ƙirjinta. Su kuma sunayen na rubuta su a bayan littafin, inda nake ajiye bayanan duk wadda na cika wa takarda don kada in sake wahalar da ita da tambaya.

Daga ranar, duk zuwan Goggo karɓar kuɗi sai ta ajiye mini 'yar ƙwaryar kindirmo a ƙarƙashin tebur. "Malama, ki sha, karatu na busar da kai."

Ƙarya ta farko da na rubuta, tausayi ya sa na rubuta ta. Wata mata mai suna Kulu ta yar da kuɗinta a kasuwa, ita kanta ba ta san yadda aka yi ba. Na rubuta hakan a layi uku. Jami'in da ke duba koke a lokacin wani saurayi ne baƙo daga gari mai nisa. Ya dawo da takardar, ya ce bayanin bai gamsar ba. Kulu ta zauna a gindin bishiya tana share hawaye da gefen hijabi. Na ɗauki sabuwar takarda. Na sa turmutsitsin kasuwa, na sa wani mai babur da ya bangaje ta, na sa yadda ta durƙusa tana laluben ƙasa yayin da jama'a ke tsallake ta. Kafin azahar an amince. Jami'in ya fito da kansa da takardar a hannu yana tambayar wa ya rubuta.

Ba zan iya kwatanta muku abin da na ji ba. Karon farko ke nan da wani wanda ba mahaifina ba ya karanta rubutuna ya motsu. Na koma gida kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Na ce wa zuciyata, ai kuɗin Kulu sun ɓata da gaske, gishiri kawai na ƙara.

Labari ya bazu cewa hannun ɗiyar malam yana da albarka. Layin teburina ya fi na ƙofar ofishin tsawo. Na ƙona ɗakunan da ba su ƙone ba, na kifar da jiragen ruwan da ba su kife ba. Ina tashi da asuba kaina cike da labarai, ina ɗokin gari ya waye in zuba su. Da farko duk waɗanda na rubuta wa sun yi asara da gaske. Daga baya wata ta zo ta ce kuɗinta suna nan, amma ai ba laifi a gwada. Na rubuta mata. Ban ma tsaya tunani ba, domin akwai wani labarin gobara da ke cina tun safe, ina neman wadda zan ɗora wa.

Sai Balki ta shigo. Ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, ta girme ni da shekara biyar. Tana fataucin atamfa tsakanin Lolo da Dole Kaina da ƙetaren iyaka, ta san kowa a ɓangarorin biyu. Wata ranar kasuwa ta zauna a bakin teburina tana cin gyaɗata.

"'Yar boko, wai mi kike samu ga wanga aiki?"

"Lada."

"Lada da goro. Ke da alƙalami, su da kuɗi. Ashe karatun naki bai kai ga lissahi ba."

"Wanda bai gama aji huɗu ba ne zai koya mini lissafi?"

"Shi fa. Ba ni littafin nan naki in nuna miki."

Ta buɗe bayan littafin, ta bi sunayen da yatsa. Tsofaffi ne na rugage da ƙauyuka masu nisa, waɗanda ba su taɓa kawo koke ba. Ta ce tana da mata a ƙetare, harshensu ɗaya da namu, shigarsu ɗaya, babu mai bambance su da matan Kende ko na Kaoje. Kowace ta ɗauki suna ɗaya ta zo ta ce kuɗi da katin tallafi duk sun tafi tare. Hoton da ke fayil ɗin ofis kwafi ne baƙi ƙirin, hijabi kawai ake gani. Takardun kuma a buga su da na'ura a wani shago don kada a gane hannuna.

"Wa za a cuta?" in ji ta. "Wadda ba ta yar da kuɗinta ba, mi za ta yi da gaggawa? Abin na nan zaune yana jiran mai dabara."

Na ce zan yi tunani. Gaskiyar magana, kafin ta gama gyaɗar na riga na fara tsara labarin mace ta farko.

Bayan la'asar muke taruwa a tsakar gidan Balki. Nan ne na zama malamar da gwamnati ba ta ɗauka ba. Ina tsayar da su ɗaya bayan ɗaya, ina koya musu yadda za su shiga, inda za su yi shiru, inda murya za ta rawa. Ni ce marubuciya, ni ce mai tsara wasa, kuma 'yan wasana suna dawowa da nasara. Tambayoyin ofis kuwa na mai da su jarrabawa, domin ita kaɗai na sani. A makaranta an koya mini cewa wanda ya san amsa yana faɗinta da sauri, mai inda-inda shi ake zargi.

Akwai wata Dije a cikinsu, dattijuwa mai kaifin ƙwaƙwalwa. Ranar farko da na ce mata, "Sunan mijinki?" sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai.

"Malama, ni ko nawa mijin ba ni kama sunanshi."

"Wannan ba naki ba ne. Ɗago kai ki faɗa. Da sauri, kamar an tambaye ki kuɗin gishiri."

Da hannuna na kankare mata kunyar, har ta iya jefo sunan kafin in rufe baki. Na tafa mata.

Sunan Goggo Hajo shi ne na ƙarshe da muka taɓa. Na ɗan ja baya, na ce a bar wannan. Balki ta yi tsaki.

"Tsohuwar da ke ƙulle kuɗi cikin tsumma uku? Wannan ko gulbi bai iya ƙwace mata. Ba ta taɓa buƙatarshi."

Dije ta shiga da sunan Goggo, ta fito da kuɗi. Sati biyu bayan haka Goggo ta zo karɓar nata na wata biyu, ta ajiye mini kindirmo a ƙarƙashin tebur. Na sha. Ina so ku san wannan: na shanye shi, kuma ya yi mini daɗi.

Na sayi waya, na sayi takalma, na saya wa mahaifiyata turmin atamfa na ce mata ofishin ne ya fara biyana. Ta ɗaga hannu ta yi mini addu'a. Watannin nan ina yawo kamar mai sabon fukafuki.

Damina ta yi nisa, gulbi ya cika ya tsallake bakinsa. Gonakin shinkafar Kaoje suka koma ruwa fari fat. A daidai lokacin aka sauya jami'in nan baƙo, aka kawo wata dattijuwa mai farin gilashi, Hajiya Turai. Ban damu in tambayi 'yar ina ce ba.

Wata safiyar Litinin na ɗago kai sai ga Goggo Hajo a gabana. Babu ƙwarya a hannunta. Zanenta ya yi jirwayen laka har gwiwa.

"Malama, yau ni ma na zaka da koke."

Ta ce a hanyar komawa gida bayan an biya su, jirgin da ya ɗauko su ya karkace a tsakiyar ruwa. Hannu biyu gare ta, ta kama bakin jirgi da duka biyun, ƙunshin ya tafi, kuɗi da kati. Ta isa ta tarar ɗakinta ya zube. Yanzu a wani ajin makaranta take kwana tare da sauran waɗanda ruwa ya kora.

Labarin da na sha ƙirƙira ne, ga shi ya zo da ƙafarsa ya tsaya a gaban teburina.

"Goggo, layin yana da tsawo yanzu. Ko za ki bari sai an kwana biyu?"

"Shinkahwa ta nutse, ɗaki ya zube. In bari har yaushe? Rubuta yadda na hwaɗa miki."

Na rubuta. Layi biyar, babu ado ko ɗaya. Ta shiga, ta jima, ta fito tana tafiya a hankali.

"Malama, wai na riga na amsa. Yaushe? Sun ce in komo Alhamis. In ba a gane gaskiya ba za su soke sunana duka."

"Wataƙila kuskure ne, Goggo," na ce, ina gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Hanya ɗaya ce mai kyau a gabana, kuma ƙofarta taku goma ne daga teburina. Ban bi ta ba. Na tafi gidan Balki. Ta saurare ni, ta ce abin mai sauƙi ne. Ruwa ya watsa rugar su Goggo, waɗanda za su shaide ta kowa ya kama gabansa. Dije ta dawo ranar Alhamis ta tsaya a kan cewa ita ce Hajo, wannan tsohuwar kuwa wata ce da ta tsinci suna take neman ci da shi.

Na san ma'anar hakan sarai. Goggo za ta rasa na gaggawa, ta rasa na wata biyu, ta koma ajin makaranta da sunan maƙaryaciya. Na sani. Amma ga abin da ya fi ba ni kunya: kafin in isa gida tsoron ya juye ya zama ɗoki. Wasa mafi girma da zan taɓa tsarawa ke nan, mace biyu, suna ɗaya. Kwana biyu muna bita da Dije. Na ba ta sunan unguwa, sunan ardo, shekarar da mijin ya rasu, duk abin da Goggo ta taɓa gaya mini tana jiran layi. Na ce mata, "Ita ba za ta iya amsa tambaya biyu ba. A nan za ki kayar da ita."

Ranar Alhamis da hantsi Hajiya Turai ta aiko a kira ni. Na shiga na tarar da su biyu a kan benci ɗaya, Dije a wannan gefe, Goggo a wancan.

"Ɗiyata, ke ce ke cika musu takardu. Wacce ce Hajo a cikinsu?"

"Hajiya, suna da yawa. Ba na iya riƙe fuskoki."

Goggo ta juyo ta dube ni. Kallon mai neman gane hanya ne, ba na fushi ba.

"To zauna," in ji Hajiya. Ta buɗe fayil, ta fara da Dije.

"Sunan mijinki?"

"Buba."

"Ɗan farinki?"

"Umaru."

Unguwa, ardo, shekarar rasuwa, duk ta zubo su babu tuntuɓe. Zuciyata tana tsalle kamar malamar da ɗalibarta ta zo ta ɗaya. Hajiya ta gyaɗa kai ta juya.

"Inna, ke fa? Sunan mijinki?"

Goggo ta ja bakin mayafi ta rufe baki.

"Ɗan farinki?"

Shiru.

"Inna, ki ji ni da kyau. Wannan ta faɗa. In ke ba ki faɗa ba, zan soke ki, ba na gaggawa kaɗai ba, har na wata biyun."

Goggo ta sauke mayafin kaɗan.

"Soke, ɗiyata. Shekara arba'in da wani abu ban kama su ba. Ba yau ba, don shinkahwa."

A raina na ce, shi ke nan, mun ci.

Hajiya Turai ta ajiye biro, ta cire gilashi, ta dubi Dije.

"Sake faɗa mini sunan ɗan farin nan naki."

"Umaru."

"Ɗaga murya."

"Umaru."

"A Kaoje aka yanke cibiyata," in ji Hajiya a hankali. "Na tsufa ban ji uwa irinku ta jefo sunan ɗan farinta haka kamar mai kiran kaji ba. Wannan ba ɗanki ba ne, hadda ce. Wa ya yi miki haddar?"

Dije ta juya wuyanta wajena.

Hajiya ta jawo wasu takardu bugaggu daga aljihun tebur ta baje su a gabana. "Tun zuwana nake mamakin waɗannan. Mata daban-daban, ƙauyuka daban-daban, amma kowacce da jirginta ya kife sai ta ga balbelu sun tashi. Ke ce mai balbelu?"

Na ce ni ce. Ita ce gaskiya ta farko da na faɗa cikin watanni.

Kafin 'yan sanda su isa gidan Balki ta tsallake iyaka, har yau ba ta dawo ba. Ni da Dije muka tsaya gaban alƙali. Ita aka sassauta mata, ni aka yanke mini shekara ɗaya da rabi. Mahaifina yana zaune a bencin baya da hularsa a hannu, bai ɗago kai ba har aka fita da ni.

Abin da ban lissafa ba shi ne wannan. Ofishin ya dakatar da tallafin gaggawa na makonni yana bin duk takardar da ta bi ta teburina, ta ƙarya da ta gaskiya. A tsakiyar ambaliya ke nan, lokacin da mutane suka fi buƙatarsa. Sunan Goggo bai soku ba, kuma daga baya an ba ta haƙƙinta, amma kafin ya zo ta sayar da tunkiyarta ta ƙarshe. Akwai wasu da yawa irinta da ban san sunayensu ba. Balki ta tambaye ni wa za a cuta. Su ne.

Gidan yari ba wurin da zan ƙawata muku ba ne. Kwana ɗaya a can ya fi mako tsawo. Abin da ya fi cina ba abinci ba ne ko tabarma, rashin gulbi ne. Daga tagarmu bango kawai ake gani. Mahaifiyata tana zuwa da ƙuli-ƙuli da sabulu, ba ta taɓa ɗaura atamfar nan ba. A zuwanta na uku ta miƙo mini sabon littafin rubutu da biro, ta ce daga mahaifina. Na buɗe ina neman saƙo, babu ko harafi. Na daɗe ina kallon farar takardar kafin in gane saƙon ke nan.

Na koma rubuta wa mata 'yan'uwana wasiƙu zuwa gida. Wata rana na karanta wa wata abin da na rubuta mata, ta dakatar da ni. "Ni ban ce ina kuka kullum ba. Na ce a kula da akuyata. Goge." Na goge. A can na koyi rubuta maganar mutum iya tsawonta, na kuma koyi roƙon gafarar Allah ba tare da na ƙawata laifina ba.

Ranar da aka sake ni, ƙofar tana buɗewa hasken rana ya cika mini ido har na yi dariya ni kaɗai. Komai sabo ne. Ƙarar babura, ƙamshin ƙosai, wata mata tana ciniki da mai albasa, duk na ji kamar don ni aka shirya su. A mota na zauna gefen taga na ƙi ƙifta ido. Da muka hango ruwa na kama hannun mahaifiyata na matse. Ga gulbin yana nan, ga masunta, ga balbelun nan nawa da suka tona mini asiri suna tsaye abinsu cikin shinkafa. Mahaifina yana ƙofar gida. Ya ce, "Kin dawo?" Na ce na dawo. Ya ce, "Shiga ki ci abinci." Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

Kwana uku bayan haka na hau mota zuwa Kaoje. Na tarar da Goggo a sabon ɗakinta na kara tana kaɗa nono. Na durƙusa na faɗi duk abin da na shirya, na nemi gafara. Ta ci gaba da kaɗawa har na gama.

"Ranar nan kin ce ba ki san huskata ba."

"Na faɗa, Goggo."

"Yanzu kin gane ta?"

"Na gane."

Na kasa haƙuri na tambaye ta abin da ya daɗe yana damuna, da an soke sunanta fa, me ya hana ta faɗa sau ɗaya kawai.

"Kuɗin wata biyu ne," ta ce. "In na hwaɗa, in ci su wata biyu su ƙare. Sannan in zamna da bakin da ya hwaɗa."

Ta ajiye maburgi ta goge hannu. Ta ce ɗan farin nata, wanda ke can ƙetare da shanu, ya daɗe bai ji daga gare ta ba, kuma akwai mai tafiya gobe.

"Kin zo da alƙalami?"

Na zo da shi. Na buɗe littafin da mahaifina ya aiko mini.

"Sunan kin san shi. Sa shi bisa, kar ki karanta mini. Kuma abin da na ce shi za ki rubuta. In kin ƙara gishiri zan ji."

Ta ce a gaya masa tana lafiya, ɗaki ya tashi, ruwa ya janye, ya aiko mata da gishirin shanu idan ya samu hanya. Layi huɗu. Na karanta mata, na tsallake kalma ɗaya a sama. Ta gyaɗa kai. Ba ta ba ni kindirmo ba ranar, kuma ban sa rai ba.

Yanzu ina koyar da manyan mata karatu da rubutu a zauren gidanmu, don wata rana kowacce ta rubuta kokenta da hannunta. Ina jin ɗokin wannan aji fiye da yadda na ji ɗokin wancan na gidan Balki, kuma ina barci bayansa.

Ƙannena, ban fara da sata ba, da gishiri na fara, kuma don tausayi. Idan baiwarku ta fara jawo muku tafi, ku tsaya ku duba a kan me ake tafa muku. Duk wanda ya ce muku ga wani kuɗi can zaune ba na kowa ba, ku ce ya faɗi sunan mai shi, domin yana da mai shi, kuma wataƙila yana cikin jirgi a tsakiyar ruwa a daidai lokacin. Tallafin gaggawa na ranar da mutum ya saki ƙunshinsa ya kama bakin jirgi ne. Kada ku taɓa shi. Idan kuma tsohuwa ta yarda aka raɗa muku a kunne abin da ita kanta ba ta furtawa, ku sani amana aka ba ku. Ku rubuta shi inda aka ce, ku rufe littafin.